Kaset Ɗin Uba da Shirin 'Ya'ya: A Auna Su da Mudu Ɗaya

 

Akwai wata gardama da ke gudana a gidajen Musulmi da yawa a yau, wadda ba kasafai take isa gaban malamai ba, domin kowane ɓangare yana ganin gaskiyarsa a fili take. Maigida ya cika memorin wayarsa da waƙoƙin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata, yana musayarsu da sa'o'insa, wannan ya turo wadda aka ɗauka a gidan rediyon Kaduna, wancan ya ce ai tasa ta fi tsawo da ɗiya biyu. 'Ya'yansa kuwa, sau da yawa har da uwarsu, hankalinsu yana kan shiri mai dogon zango, irin wanda ake ƙulla makirci a cikinsa, a sace wani, a bi sawun wani, a yanke labarin daidai lokacin da ƙofa za ta buɗe. Uban yana kiran nasu lalacewar zamani. Su kuma suna ganin nasa kayan tsofaffi ne da ba su gane rabin Hausarsa. Idan ladan ya kira isha'i, shi yana jiran 'yan amshi su dire, su suna jiran talla ta shigo.

Ra'ayinmu shi ne dukkan ɓangarorin biyu suna auna kayansu da mudun da ba shi suke auna na ɗaya ɓangaren da shi ba, kuma wannan tauye mudu ne, ko da ba hatsi ake sayarwa ba.

Abin sha'awa, malaman tafsiri tun da can sun haɗa abubuwan nan biyu a ƙarƙashin aya ɗaya. Aya ta 6 a Suratu Luƙman ta zargi mutumin da ke sayen zancen shagala domin ya ɓatar da jama'a daga hanyar Allah. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah Ya yarda da shi, cewa waƙa ake nufi. An kuma ruwaito a littattafan dalilan saukar ayoyi cewa ta sauka ne a kan Nadru ɗan Harisu, Baƙuraishen da ke fatauci zuwa wajajen Farisa, yana kwaso labaran sarakunansu da jarumansu irin su Rustum da Isfandiyar, ya zauna yana bai wa mutanen Makka domin su bar sauraron Alƙur'ani. Wato waƙa ga ta, labari mai jan rai ga shi. Uban da ya ɗauko wannan aya zai jefi talabijin ɗin 'ya'yansa, ya sani fassarar farko ta fi kusa da aljihunsa. Ɗalibin da ya haddace hujjojin haramcin kiɗa yana karanta wa mahaifinsa, alhali shi ya kwana yana bin labarin jaruman Turkiyya, ya sani ruwaya ta biyu a kan shimfiɗarsa ta kwana.

Wannan fili ba na fatawa ba ne, saɓanin kuma ya girme mu. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun tsananta a kan kayan kiɗa, suka yi rangwame ga mandiri a biki da idi. Ibnu Hazmin ya raunana hadisan haramcin, ya ce abin zargi a ayar shi ne nufin ɓatarwa. Imamu Gazali ya ware wa sauraro babi guda a cikin Ihya'u, ya rarrabe hukuncin bisa mai waƙar da abin da ake faɗa da halin mai sauraro. A ƙasarmu, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa shagala da ganguna dare da rana ba tare da wata manufa ta shari'a ba cikin ayyukan da ya soki sarakunan zamaninsa da su a Kitabul Farƙi. Shi ɗin ne kuma, da ɗiyarsa Nana Asma'u, suka tsara waƙoƙin da ake rerawa don a karantar da makiyaya da matan karkara addini. Wanda ya ɗauki ra'ayin haramci ya toshe kunnensa, yana da magabata, ba mu da ta cewa a kansa. Maganarmu da wanda ya riga ya buɗe kunnen ne, kuma mun san su ne suka fi yawa a cikin masu karanta mu, ko sun faɗa ko ba su faɗa ba.

To, mu fara da uban, tunda shi ne babba. Kuskurensa shi ne zaton cewa tsufa wanka ne. Da zarar faifai ya yi ƙara irin ta garmaho, mai waƙar kuma ya rasu, sai a ɗauka duk abin da ke ciki hikima ce. Ba haka ba ne. A cikin waɗannan tsofaffin kaset akwai zambon da ya tozarta mutane masu 'ya'ya da jikoki da ke raye har gobe. Akwai yabon da ya wuce iyaka, inda ake ba ɗan Adam siffofin da ba nasa ba don a samu doki da riga. Akwai kiɗan garaya na 'yan bori. Gambu da waƙar ɓarayi ya yi suna. Shata ma, Allah Ya gafarta masa, yana da sananniyar waƙar da ya yi wa mashaya, kuma malaman zamaninsa ba su yi shiru a kanta ba. Mutanen da suka saurari waɗannan abubuwa suna sabbi sun san me suke ji. Kakanninmu da yawa ba sa barin 'ya'yansu su leƙa wurin wasa. Mu ne da muka zo daga baya muka shafa wa komai turare saboda begen lokacin da ya wuce. Sau da yawa ma ba waƙar muke bege ba. Ƙuruciyarmu muke bege, da zauren da rediyon ke ajiye a ciki, da mutanen da ke zaune a wurin waɗanda yau duk suna ƙasa.

Amma wanda ya ce a tattara su duka a zuba a bola shi ma bai duba abin da ke cikin kwalin ba. Hausar da ke bakin Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa, ko Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi, ko Sa'idu Faru, ko Ma'azu Ɗan Alalo a Damagaram, rumbu ce ta kalmomin da suka fita daga bakin jama'a: sunayen kayan doki, da na sarautu, da na makamai, da na garuruwan da fari ko yaƙi ya tashe su. Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa ya tsaya wa karen mota da yarinyar da aka yi wa auren dole a lokacin da masu faɗa a ji ba su cika waiwayarsu ba. Ba a banza Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988 ba, kuma ba a banza malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suka ƙarar da shekaru suna rubuta tarihin makaɗan nan da matanin waƙoƙinsu ba. Sannan a cikin kwalin nan dai, kusa da kaset ɗin kalangu, za ka tarar da Imfirajin Aliyu Namangi, makahon Zariya da ya yi wa'azi da waƙa ba ganga ba goge, za ka tarar da karatun Ishiriniya, za ka tarar da tafsirin azumin wata shekara da aka ɗauka daga rediyo. Gidan Bahaushe bai taɓa ware musu kwali daban-daban ba.

Mu koma kan 'ya'yan. Su hujjarsu ita ce ai nishaɗi ne kawai, kuma addini bai hana nishaɗi ba. Gaskiya ne bai hana ba. Uwar Muminai A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta kalli wasan Habashawa a masallaci tana bayan Manzon Allah (SAW) har sai da ita da kanta ta gaji. Riƙe mai sauraro da labari ma ba Turawa suka ƙago shi ba. A Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, da labari bayan labari aku ya riƙe ɗan sarki a gida har ya tsira daga makircin waziri. Sai dai Bahaushe ya yi wa labari shinge: tatsuniya da dare ake yin ta, bayan an gama aiki, kuma tana da ƙurunƙus. Talabijin ma a farkon zuwansa yana da nasa shingen. Wanda ya kalli Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, ko wasannin marigayi Ƙasimu Yero daga Kaduna, ko Kuliya Manta Sabo a Kano, ya san sau ɗaya ne a mako, tashar kuma sai da yamma take buɗewa, dare ya yi ta rufe, kowa ya nemi makwanci. Iyakar ba daga ƙarfin halin mai kallo take ba, tashar ce ke sa ta.

Wannan shingen ne ya faɗi. Shirin yanzu an gina shi ne a kan kada ya ƙare. Marubucin ya san aikinsa: kowane kashi zai warware ƙulli ɗaya ya ƙulla biyu, ya ajiye mafi zafin a minti na ƙarshe. Manhajar da ke wayar kuma ba ta jiran ka yanke shawara, tana ƙirga daƙiƙu ta buɗe na gaba da kanta. Ɗauki shirin Ertugrul na Turkiyya, wanda tashar TRT ta nuna daga 2014 zuwa 2019, wanda kuma gidajen da ba sa yarda da fim ɗin soyayya suka buɗe masa ƙofa saboda ana sallah da ambaton Allah a ciki. Kashi 150 ne, kowanne kusan awa biyu ko fiye. Awa 300 ke nan a ƙalla. Ɗalibin da ke zama awa biyu kullum a gaban littafi, wata biyar zai yi kafin ya cika wannan adadi. Mun ga waɗanda suka gama shi a hutu ɗaya. Daga ina awannin suka fito? Daga dare suka fito, kuma sallar asuba ce ke biyan bashin. Hadisin Abu Barza da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna Annabi (SAW) ba ya son hira bayan isha'i, malamai suka keɓe neman ilimi da baƙo da zama da iyali, suka kuma bayyana cewa dalilin shi ne tsoron makara. Ba mu san wata hirar dare da ta kai wannan cin asuba ba.

Akwai kuma abin da shirin ke koyarwa ba tare da ya ce koyarwa yake ba. Waɗanda suka sayi faya-fayan 24 a kasuwa shekaru ashirin da suka wuce za su tuna yadda ake sa mai kallo ya goyi bayan jarumin da ke azabtar da wanda ake zargi, domin agogo na tafiya kuma bam zai tashi. A wasu zangunan ma mai dasa bam ɗin sunan Musulmi gare shi. Darasin da ke ƙasa shi ne idan manufarka mai kyau ce, kowace hanya ta halatta, wanda kuwa shari'a ba ta san shi ba. Shirin da ya sa rawani ma bai kuɓuta ba. Abin da masana tarihi suka tabbatar game da rayuwar Ertugrul kaɗan ne ƙwarai, mafi yawan abin da aka nuna ƙirƙirar marubuci ne, har da zamansa da Ibnu Arabi, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1240. Ba laifi ba ne marubuci ya ƙaga labari. Laifin yana wurin ɗalibin da zai kafa hujja da shi a muhawara, alhali bai taɓa buɗe Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello ba, littafin da ya ba da labarin yaƙe-yaƙen da aka yi a ƙasar da yake takawa, daga alƙalamin wanda ya halarce su.

Ba za mu yi wa namu na gida rashin adalci ba. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, an samu shirye-shiryen da suka taɓa abin da ke damun mutane. Kwana Casa'in ya ƙago jihar Alfawa ya nuna yadda ake sayen ɗan jarida da yadda asibitin gwamnati ke mutuwa, ya faɗi abin da mai huɗuba kan yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗa. Iyalin da suka zauna tare suka kalli kashi ɗaya, uba ya tsaya ya tambayi yara me suka gani, sun fi iyalin da aka kashe talabijin ɗin falo kowa ya shige ɗaki da wayarsa. Hani irin wannan mayar da kallon ɓoye kawai yake yi.

Akwai wani ɓangare na wannan sha'awa da ba mu taɓa jin an tayar da shi a gardamar uba da 'ya'ya ba, alhali a wurinmu ya fi sauran nauyi, domin shi haƙƙin bayi ne. Waƙar da ake turawa daga waya zuwa waya, ta wa ce? Shata ya rasu a 1999, Ɗanƙwairo a 1991, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Galibinsu sun bar magada, akwai kuma 'yan amshi da makaɗan da suka yi shekaru a bayansu, wasu na raye cikin tsufa da rashi. A YouTube kuwa akwai masu ɗora waɗannan waƙoƙi, talla na shiga, kuɗi na fita zuwa aljihun wanda bai taɓa riƙe gula ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamba na 1988, ta zartar da cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa, ba ya halatta a ƙetare shi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ita ma ta ba waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Wani zai ce ai idan kiɗan haramun ne ba shi da ƙima a shari'a. To, mai wannan ra'ayi sai ya bar shi gaba ɗaya. Ba ya yiwuwa abu ya zama haramun lokacin biyan magada, ya koma halal lokacin karɓar kuɗin talla. Haka shirin da aka kashe miliyoyi aka ɗauka, mai shagon caji ya tura wa mutum hamsin a memori kan 'yan canji. Mai saye ya san ba da izini aka yi ba.

Bayan haƙƙi sai amanar jingina magana ga mai ita. Al'ummar da ta gina ilimi guda a kan tambayar wa ya faɗa maka, daga wa ya ji, ita ce yau ke yaɗa murya ba suna ba kwanan wata. A waƙa abin ya tsaya ga a ba Ɗanƙwairo waƙar wani makaɗin kotso. A karatun malamai kuwa ɓarnar ta fi haka. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya rasu a 1992, Sheikh Nasiru Kabara a 1996, Sheikh Ja'afar Mahmud Adam an kashe shi a 2007, Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. Dukansu sun bar ɗaruruwan awanni na karatu a kaset. Yau sai a yanko minti ɗaya daga tsakiyar darasi, a cire tambayar da aka yi, a cire abin da ya biyo baya, a jefa shi cikin rigimar da aka fara shekaru bayan an binne malamin. Shi ba ya nan balle ya ce ba haka nake nufi ba. Ga kuma na'urorin da yanzu ke iya kwaikwayon muryar mutum su sa shi faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Ranar da aka fara yi wa malamanmu haka da gaske, abin da zai raba gardama shi ne asalin kaset ɗin, cikakke, da rubutun hannun wanda ya ɗauka a jikinsa.

Asalin nan kuwa yana mutuwa a hankali. Zaren kaset ba ya jure zafi da danshi. Yana manne wa juna, yana yin fumfuna, muryar tana dusashewa ko ba a taɓa shi ba. Na'urorin da ke karanta shi sun fi shi saurin ƙarewa: kamfanin ƙarshe da ke ƙera na'urar bidiyo ta VHS, wato Funai na Japan, ya daina a 2016. Gidajen watsa labarai a duniya sun sha goge tsohon shiri su ɗora sabo a kan zaren saboda tsada, har BBC ta yi asarar shirye-shirye masu yawa ta wannan hanya. Saboda haka sau da yawa kwafin da ya rage na wani karatu ko wata waƙa yana hannun wani dattijo ne da ya danna rikoda a gaban rediyonsa a shekarun 1980. Idan ya rasu, masu rabon gado za su ƙirga gida da gona da awaki, kwalin kaset kuwa a bar wa yara su zare zaren su yi wasa da shi.

A nan ne muke ganin uban da 'ya'yan suna buƙatar juna, ko ba su sani ba. Shi ya san muryar wa ce, a wane gari aka ɗauka, wace shekara, wane sarki ake nufi da wane habaici. Su suka san yadda ake haɗa rikoda da kwamfuta a mayar da sauti fayil. Ɗalibin da ke da awa 300 na bai wa jaruman wata ƙasa yana da awa talatin na zama da mahaifinsa su bi kwalin nan ɗaya bayan ɗaya. Abin da suka tarar na batsa ne ko na cin mutuncin wani, ba dole ne ya shiga wayar kowa ba. Abin da yake na ilimi ne ko na tarihi, a juye shi cikakke ba yanka, a rubuta sunan mai shi da wuri da shekara, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, a nemi magadan mai muryar a ba su nasu kafin a ba duniya. Gidan Arewa a Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu, duk wurare ne da ya dace a kai musu kwafi. Kaset ɗin kansa kuma kada a yar bayan an juye. A sa shi a kwalinsa a tsaye, nesa da rana da bangon da ke tsatsafo, a bar rubutun da ke jikinsa yadda yake.